Zumunci da Sana'a a Hidimar Jama'a: Yadda Ƙungiyar Rotary Take Aiki

Rotary ƙungiya ce ta masu sana'o'i da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, waɗanda suke haɗuwa a kai a kai su ci abinci tare, su san juna, sannan su zaɓi wani aiki da garinsu yake buƙata su yi shi da kuɗinsu da basirarsu. Hedikwatarta tana garin Evanston, kusa da birnin Shikago a Amurka. Idan aka haɗa da ɓangaren matasanta, tana da mambobi fiye da miliyan ɗaya a kulob-kulob fiye da 45,000 a sassan duniya. Alamarta wili ne mai haƙora irin na cikin inji, kuma takenta yana nufin a fifita hidima a kan son kai. Mutanen arewacin Najeriya da yawa sun fara ganin wannan alama ne a jikin riguna da hulunan masu ɗiga wa yara rigakafin shan inna, tun kafin su san ko su wane ne masu ita.

Asalinta ƙarami ne ƙwarai. Ranar 23 ga Fabrairu, 1905, wani lauya mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku a wani ofis a Shikago. Ɗaya dillalin gawayin kwal ne, ɗaya injiniyan ma'adinai, ɗaya kuma tela. Harris a ƙauye ya tashi, inda kowa ya san kowa, mai kanti ya san sunan wanda yake sayar wa kaya har da sunan ubansa. Da ya zo birni sai kaɗaici ya dame shi, ga cuta da zamba sun yi yawa a harkar kasuwanci. Abin da ya nema shi ne 'yan mutane kaɗan da zai amince da su, su ma su amince da shi. Da yake taron nasu yana zagayawa ne, yau a ofishin wannan, wani makon a ofishin wancan, sai suka raɗa wa ƙungiyar suna daga kalmar Turanci mai nufin kewayawa.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa ba don taimakon talakawa aka kafa ta ba. A shekarun farko manufar ita ce abota da ciniki tsakanin mambobi: lauya ya ɗinka kaya wurin telan ƙungiya, tela ya kai ƙararsa wurin lauyan ƙungiya. Har akwai wanda aka ɗora wa rubuta yawan cinikin da aka yi a tsakaninsu. Wasu daga cikin sababbin shiga ne suka ce ƙungiyar da amfaninta bai wuce aljihun 'ya'yanta ba ba za ta daɗe ba. A 1907 suka yi aikinsu na farko na jama'a, wato jagorantar gina makewayi na kowa da kowa a tsakiyar Shikago. Ba aiki ne na a buga tambari ba, amma shi ya sauya alƙiblar ƙungiyar. Kulob na biyu ya buɗe a San Faransisko a 1908, na farko a wajen Amurka a Winifeg ta Kanada a 1910, na farko a Afirka kuwa a Johannasbag a 1921. A Najeriya, birnin Kano ne ya fara samun kulob mai rajista, a 1961, kafin Legas da Ibadan su biyo baya.

Zumunci shi ne harsashin ginin. Bisa al'ada, kowane kulob yana zama sau ɗaya a mako, a rana ɗaya da wuri ɗaya, galibi a otal ko wani zaure, lokacin abincin rana ko na dare. Shugaba ya kaɗa ƙararrawa a buɗe taro, a gabatar da baƙi, a ji rahoton kwamitoci, sannan wani ya yi jawabi na ɗan lokaci a kan abin da ya sani, ko likita a kan hawan jini, ko ma'aikacin haraji a kan sabuwar doka. Akwai mai kula da ladabin taro, wanda yake cin mutane tara cikin raha: wanda ya makara, wanda ya manta bajensa, wanda aka ga hotonsa a jarida, wanda aka yi wa haihuwa bai faɗa ba. Kuɗin tarar asusun aiki suke shiga. Ana kiran juna da sunan yanka, ba a cewa ranka ya daɗe, kuma wannan abu ne mai nauyi ga wanda ya tashi inda ƙarami ba ya kama sunan babba.

Shekaru da dama dokar halarta tana da tsanani. Wanda ya yi fashin taro sau da yawa a jere ba da uzuri ba yana iya rasa kujerarsa. Idan tafiya ta kama mutum, sai ya nemi kulob ɗin garin da ya sauka ya zauna da su, a ba shi shaida ya kawo gida. Ta haka ɗan kasuwar da ya je Landan ko Mumbai yake samun teburin da za a karɓe shi a ranar da ya isa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma dokar ba ta wuce wannan ba. A 2016 majalisar dokokin ƙungiyar ta sassauta, ta yarda kulob ya riƙa zama aƙalla sau biyu a wata, ta kuma yarda da taro ta intanet. An yi haka ne don a jawo matasa masu ƙarancin lokaci, ko da yake tsofaffin mambobi da yawa suna ganin wanda ba a ci abinci da shi ba, ba a san shi ba.

Dalilin nacewa a kan zumunci a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin jama'a. Aikin taimako yana tafiya ne da amana. Mutum ba ya miƙa dubban nairori ga wanda bai sani ba, kuma ba ya fita ranar Asabar cikin rana don aikin da ba albashi sai in akwai waɗanda yake jin kunyar su ga bai zo ba. Mambobin da suka je sunan juna, suka je ta'aziyyar juna, su ne suke iya faɗa wa juna gaskiya idan lissafi bai cika ba.

Shugabanci kuma na shekara ɗaya ne tak. Shekarar ƙungiya tana farawa ranar 1 ga Yuli, kuma a ranar ake sauya shugaban kulob, da gwamnan gunduma mai kula da kulob-kulob na yanki guda, da shugaban duniya baki ɗaya. Wannan yana hana mutum ɗaya ya mayar da ƙungiya gadon gidansu. Illarsa ita ce kowane sabon shugaba yana son aikin da za a ce nasa ne, sai a bar na bara ba a ƙarasa ba. Mata ba su samu shiga ba sai bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987 a kan wani kulob na garin Duarte a jihar Kalifoniya da aka kora saboda ya karɓi mata. A 1989 aka gyara dokar ga duniya duka, kuma sai a 2022 mace ta fara zama shugabar duniya, Jennifer Jones 'yar Kanada.

Abin da ya fi bambanta Rotary da sauran ƙungiyoyin agaji shi ne matsayin sana'a a cikinta. Tun farko ba a shiga da sunan mutum kawai, ana shiga ne da sunan sana'arsa. Dokar asali ta ce mutum ɗaya daga kowace sana'a: lauya ɗaya, likitan haƙori ɗaya, mai sayar da katako ɗaya. Hikimar ita ce kada kishin abokan sana'a ya ɓata zama, kuma kulob ya zama hoton garin a taƙaice. An sassauta wannan doka daga baya, amma har yanzu bajen kowane mamba yana ɗauke da sunansa da sana'arsa. Ana ɗaukarsa wakilin sana'arsa a cikin ƙungiya, kuma wakilin ƙungiya a cikin 'yan sana'arsa.

Daga nan abin da suke kira hidima ta hanyar sana'a ya samo tushe, ɗaya daga cikin hanyoyin hidima biyar da ƙungiyar ta tsara, sauran su ne hidimar kulob, da ta gari, da ta ƙasa da ƙasa, da ta matasa. Ita ce mafi wuyar bayani, don ba ta da hoton da za a ɗauka. Tana cewa wurin farko da mutum zai yi wa jama'a hidima shi ne inda yake neman abincinsa. Mai kantin magani da ya ƙi sayar da jabu ya yi wa gari aikin da ya fi rabon shinkafa. Ɗan kwangilar da ya zuba siminti daidai da abin da aka rubuta ya ceci rayukan yaran da za su zauna a ajin. Tana kuma cewa duk sana'a mai amfani abar girmamawa ce, babu ta raini. Saboda haka kulob-kulob suke ware watan Janairu don wannan fanni, su ziyarci masana'antu da wuraren aikin mambobi, su kuma ba da lambar yabo ga mutanen da ba a saba yabawa ba, kamar ungozomar da ta shekara talatin tana karɓar haihuwa, ko ɗan sandan kan hanya da aka shaida ba ya karɓar na goro, ko mai sharar asibiti.

Ma'aunin da suke amfani da shi tambayoyi huɗu ne, kuma labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa. A 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, aka ɗora wa wani mamba mai suna Herbert Taylor ceto wani kamfanin tukwanen alminiyom a Shikago da bashi ya yi wa katutu. Ya yanke shawarar cewa abin da kamfanin zai fi abokan gasarsa da shi shi ne gaskiya. Ya rubuta gajerun tambayoyi da kowane ma'aikaci zai auna maganarsa da aikinsa da su: ko abin gaskiya ne, ko an yi adalci ga duk wanda ya shafa, ko zai ƙara yarda da abota, kuma ko zai amfani kowa. Ya nuna wa shugabannin sassan kamfanin, waɗanda addininsu ya bambanta, kowa ya ce bai saɓa wa abin da ya yi imani da shi ba. Wurin da aka fara gwada ma'aunin shi ne talla. Aka cire duk kalmomin cika baki irin su mafi kyau da babu kamarsa, aka bar abin da za a iya tabbatarwa. Kamfanin ya farfaɗo ya biya bashinsa, kuma a 1943 Rotary ta ɗauki tambayoyin suka zama nata. Yau ana karanta su a tarurruka, ana rataye su a ofisoshi. Ratayewa dai ba ta da wuya. Wahalar tana ranar da gaskiya za ta sa a rasa ciniki.

Ɗaya ɓangaren hidimar sana'a shi ne mutum ya ba da gwanintarsa kyauta. Likitan ido ya yi aikin yanar ido a ƙauye, lauya ya duba takardun waɗanda suke tsare ba a kai su kotu ba, akanta ya koya wa mata masu ƙananan sana'o'i yadda ake raba uwar kuɗi da riba, injiniya ya duba inda za a haƙa rijiya. Akwai kuma zuwa makarantun sakandare a yi wa ɗalibai bayanin ayyuka, da ɗaukar matasa koyon aiki. Gidauniyar ƙungiyar tana ɗaukar nauyin ayarin ƙwararru su je wata ƙasa su koyar ko su koyo. Irin wannan haɗin gwiwa tsakanin mambobin Jamus da na Najeriya ya yi aiki a asibitocin jihohin Kano da Kaduna a kan lafiyar mata masu juna biyu da matsalar yoyon fitsari, inda aka horar da ma'aikata, aka kuma koya musu rubuta dalilin kowace mutuwa a wurin haihuwa don a gane inda gyara yake.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa sana'o'i suna da sarakunansu, Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Magina, waɗanda suke sasanta rigima, su hukunta mai algus, su kuma tara 'yan sana'a idan gari yana da aiki. Ganuwar Kano ba kamfani ne ya gina ta ba. Aikin gayya da adashi da gudummawar biki duk tsari ne na haɗa zumunci da taimako. Bambancin shi ne tsarin gargajiya yana tara 'yan sana'a ɗaya wuri ɗaya, ita kuwa Rotary tana tara sana'o'i daban-daban a teburi ɗaya, ta ƙara da rubutaccen lissafi da hanyar samun kuɗi daga waje.

Ayyukan gari su ne abin da ido ya fi gani: rijiyar burtsatse, gyaran aji, kujerun makaranta, gidan sauro, keken guragu, gwajin ciwon suga kyauta a kasuwa. Ƙananan ayyuka daga aljihun mambobi suke fitowa. Manya kuwa suna bi ta gidauniyar da aka assasa a 1917, wadda gudummawar farko da ta samu dala 26 da santi 50 ce. Wanda ya ba da dala 1,000 ana ba shi lambar girmamawa mai sunan Paul Harris. Kafin a saki kuɗi mai yawa, sai kulob na gida ya samu abokin tarayya a wata ƙasa, ya nuna cewa ya tambayi mutanen wurin abin da suke so, ya kuma bayyana wanda zai kula da aikin bayan an tafi. Sharaɗin ƙarshe daga ɗacin gogewa ya fito, domin ƙauyuka da yawa suna da famfon da ya yi wata shida yana aiki, sannan ya tsaya saboda ƙarfen da bai kai kuɗin buhun masara ba.

Babban aikin da ƙungiyar ta ɗauka shi ne yaƙi da shan inna. Ta fara a Filifin a 1979 da shirin rigakafin yara miliyan 6, ta ƙaddamar da shirin duniya a 1985, sannan a 1988 ta haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A lokacin cutar tana shanye yara wajen 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Mambobi sun tara fiye da dala biliyan 2, kuma Gidauniyar Gates tana ƙara dala biyu a kan kowace dala da suka tara, har zuwa wani adadi a shekara.

A nan tarihin ya ratsa ta Kano ta hanya mai ban mamaki. Ranar 1 ga Yuli, 2003, Jonathan Majiyagbe, babban lauya mazaunin Kano kuma ɗan kulob ɗin Kano, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya. A cikin wannan shekara ce aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin arewa, bisa zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, amma tsoron yana da mafari: mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma suna tambayar dalilin da ake bin su gida-gida da ɗigon kyauta alhali asibiti babu maganin zazzaɓi. Kano ta koma rigakafin a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, amma kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Chadi da Sudan, daga baya kuma ta kai Yaman. A 2006 Najeriya ta samu yara fiye da 1,100 da suka kamu. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano.

Abin da ya juya lamarin ba kuɗi kaɗai ba ne. Sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar sun shiga gaba, masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata, malamai suka yi bayani, waɗanda cutar ta shanye suka riƙa zagayawa a kan kekunansu suna nuna wa iyaye abin da ake gudu. Aka kuma haɗa ɗigon da duba sauran cututtuka. An ga yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ita. A shekarar mujallar Time ta sa Dakta Tunji Funsho, likitan zuciya kuma shugaban kwamitin Rotary na yaƙi da cutar a Najeriya, cikin mutane 100 mafiya tasiri a duniya. Ƙwayar ta daji ta rage a Pakistan da Afganistan, sai dai wani nau'in da yake ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci yana nan yana kama yara a jihohin Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina, shi ya sa ba a daina zagayen ba.

Ƙungiyar ba ta rasa masu suka. An daɗe ana zarginta da alaƙa da ƙungiyoyin asiri; fadar Paparoma ta hana limaman cocinta shiga a 1951, kuma wasu malamai a ƙasashen Larabawa sun yi fatawar a guje ta. Ita kuwa tana cewa ba ruwanta da addini ko siyasar mamba, ba ta da rantsuwar ɓoye, kuma ƙofar taronta a buɗe take ga baƙo. Akwai kulob-kulob a Masar da Turkiyya da Pakistan da Bangaladash da Malesiya. Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsada. Kuɗin da ake biya wa hedikwata da dala ake lissafa shi, ga kuɗin gunduma, ga na abinci, ga gudummawa, kuma duk faɗuwar naira tana ƙara nauyin. Akwai kuma kulob ɗin da cin abinci da ɗaukar hoto suka fi aikinsa yawa, da mamban da katin kasuwancinsa kawai ya zo rabawa. Kulob-kulob na matasa, Interact na 'yan sakandare da aka fara a 1962 da Rotaract na ɗaliban jami'a da matasan ma'aikata da aka fara a 1968, sun rage wannan tazara, domin kuɗinsu kaɗan ne kuma su ne ƙarfin fita aiki.

Giɓin da ya rage a biranen arewa na wakilci ne. Galibi da Turanci ake taro, a otal, kuma masu zama likitoci ne da lauyoyi da ma'aikatan banki da malaman jami'a. Marini na Ƙofar Mata, da dillalin atamfa na Kantin Kwari, da mai sayar da hatsi na Dawanau, da dukawa da maƙera da direbobin tasha, su ne suke riƙe da yawancin cinikin gari, kuma a wurinsu ne maganar mudu da algus da cika alkawari take da nauyi kullum. Dokar da aka kafa ƙungiyar a kanta ta ce kulob ya zama hoton sana'o'in garinsa. Kulob ɗin da babu waɗannan mutane a teburinsa bai cika wannan doka ba tukuna.